Gurnanin sifika in an jona laftop

Ka ce jiya a wurin walima a Ƙofar Kaura, kana jona laftop da mikisa, na'urar haɗa sauti, sifiku suka kama gurnani, kana cirewa suka yi shiru, har kana zargin mikisar. Lafiyarta lau, yaro.

Kafin ka taɓa komai, zare caja ka bar laftop ɗin kan batir. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawon. Laftop na da hanyarsa zuwa ƙasa ta caja, mikisa ma na da tata, sai wayar sauti ta haɗa su, 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikinta. Wutarmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, ita ce gurnani mai kaurin nan. Siririyar tsuwwa mai canzawa in ka motsa maus kuwa, dattin caja ne, jabu sun fi yin ta.

Maganin farko kyauta ne: laftop, mikisa da amfilifaya su sha daga soket ɗaya. Kada wani na kan janareta wani na kan wutar gida.

In bai daina ba, sa akwatin DI mai taransifoma a ciki, mai layi biyu, hagu da dama. Taransifomar na wuce da sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, zagayen ya yanke ke nan. Daga laftop zuwa akwatin, waya mai kan milimita 3.5, irin na hedifon, kada ta wuce mita 2. Daga akwatin zuwa mikisa, wayar XLR, irin ta makirufo mai haƙora uku, wannan ko mita 30 ce ba ta kwasar ƙara. Sai ka danna maɓallin ɗage ƙasa (ground lift) da ke jikin akwatin. Ranar da ba ka da akwati, shiga mikisa ta ramin da aka rubuta LINE. Kada ka kai laftop kai tsaye ramin makirufo alhali wutar bolt 48 da mikisa ke bai wa wasu makirufo na kunne, tana iya ƙona masa katin sauti.

Za ka ga wasu na karya dogon haƙorin fulogi, wanda shi ne hanyar wuta zuwa ƙasa, don a samu shiru. Kada na kama ka. Ranar da wuta ta zubo jikin amfilifaya, bolt 230 ce, ta jikin Malamin da ke riƙe da makirufo za ta nemi ƙasa.

In kuma "shuuu" kake ji ba gurnani ba, ka ƙure gen (gain) ne, wato maɓallin ƙara ƙarfin sautin da ke shiga mikisa. Kai sautin laftop kashi 80, sannan ka sauko da gen ɗin mikisa.