Amsa ga 'yar'uwa mai shekara 48 da al'adarta ke tsallake watanni

'Yar'uwa, sannu da fama. Kin ce al'adarki tana yin wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga zafin jiki da gumin dare, kina tambaya ko ki sha magani.

Tsallaken kwana 60 ko fiye alama ce ta cewa ɗaukewar al'adar gaba ɗaya ta kusa. Amma sai an cika wata 12 babu jini ake cewa ta ɗauke, kuma kafin nan ciki na iya shiga, kada ki saki jiki.

Abin da ya fi kwantar da zafin nan shi ne maganin hormon da ake kira HRT, wanda ke maye gurbin sinadaran jikin mace (estrogen da progesterone) da ke raguwa a wannan lokaci. Macen da ba a cire wa mahaifa ba, ba a ba ta estrogen shi kaɗai, sai an haɗa da progesterone don kare mahaifar daga cutar kansa. Idan kin taɓa yin kansar mama ko daskarewar jini a jijiya, faɗa wa likitan mata tun farko, akwai wasu magungunan marasa hormon.

Bushewar gaba kuwa, akwai man estrogen na shafawa. Don Allah ki bar cushe-cushen kayan mata, ƙaiƙayi kawai suke ƙarawa.

Idan jini ya yi yawa ko ya ƙi tsayawa, je asibiti a duba ki. Allah ya ba ki lafiya.