Ta yaya ake gane kakannin Welwitschia da afang a cikin dutse?

Ka tambayi yadda masana ke gane burbushin dangin Gnetum (ganyen miyar afang ko okazi), Ephedra (ƙaramin tsiron busassun wurare) da Welwitschia (tsiron hamadar Namib) a cikin dutse.

Da farko a duba ganye: yawanci yana fitowa bibbiyu, suna fuskantar juna a kan gaɓa ɗaya. Sai iri: yana cikin ƙarin kwanso, da siririn bututu a bakinsa. Amma hujja mafi ƙarfi ita ce ƙurar barbara (pollen, ƙurar da ke barbarar tsiro ya yi iri). A ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga ƙwayar ta Ephedra da Welwitschia doguwa, da kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa; ta Gnetum kuwa ba ta da kunya-kunya.

Mafi kyawun samfura sun fito ne daga duwatsun Crato a Brazil, masu shekara kusan miliyan 110. Can aka samo Cratonia, ɗan tsiro mai ganyen farko biyu, jijiyoyinsa sak na Welwitschia.

Inda ake tafka kuskure shi ne dogaro da kara kaɗai, domin ba wannan dangin kaɗai ke da gaɓoɓi a kara ba, tsirrai da yawa suna da su. Wasu samfuran Liaoning a Sin ma an fara ɗaukarsu masu fure ne, kafin a gyara.