Amsa: Ƙananan ƙuraje a goshi da ba sa fashewa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce wata shida ke nan ƙananan ƙuraje sun cika miki goshi da haɓa, ba sa ciwo, ba sa kawo ruwa, sai dai in kin shafa ki ji gurji-gurji kamar tsakin gero. Na sha fama da irinsu, na san damuwar.

Ƙofofin gashi ne suka toshe. Maiƙon da fata ke fitarwa ya cakuɗe da matacciyar fata, fatar sama kuma ta rufe bakin. Shi ya sa dirza da soso ba ya kai gare su, sai dai ya ƙara fusata fuskar. Ki duba abin da kike shafawa. Ni abin da ya jawo mini su man kwakwa ne da man kitso, gumi na gangaro da su daga ƙarƙashin ɗankwali zuwa goshi. In kuma kina shafa man bilicin, da yawansu na ɗauke da wani sinadarin magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, shi kansa yana haddasa ƙuraje.

Abin da ya yi mini aiki shi ne maganin shafawa adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wanda ake sayarwa da sunan Differin. Kamar ƙwayar wake ya isa fuska duka, da dare kawai, ki fara da sau uku a mako. Makonnin farko fata kan bushe, ƙurajen ma su ƙaru. Ki daure, sai mako 8 zuwa 12 ake ganin sauyi. Amma in kina da juna biyu ko kina nema, kada ki taɓa shi.

Don Allah ki daina matsewa, a fatarmu baƙin tabon ya fi ƙurjin daɗewa. In wata uku ya wuce ba canji, ki je wajen likitan fata.