Amsa ga uwar da ɗanta ya bar ƙera motoci ya koma gem

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki inda kika ce ɗanki mai shekara bakwai, wanda a da yake wuni yana ƙera motoci da gwangwani da murafen kwalba, yanzu ba abin da yake nema sai wayarki, kuma ko ya fita tsakar gida wasan nasa bai wuce kwaikwayon harbe-harben da yake gani a gem ba, har kina tunanin ko basirarsa ta ƙirƙira ta mutu, ko kuma ki hana shi wayar gaba ɗaya. Na shekara goma sha shida ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu na firamare a Zariya, kuma cikin 'ya'yana huɗu, biyun farko sun taso kafin babbar waya ta shigo gidanmu, biyun ƙarshe kuwa da ita suka buɗe ido.

Abin da ya fi tayar miki da hankali shi ne ya fi kwantar mini da nawa. Yaron da ya ɗauki muciya ya ce bindiga ce, ya mayar da bayan turmi maɓoya, ya raba wa ƙannensa matsayi, basirarsa tana nan da ranta. Mu ma da muke yara ba daga sama muke samo wasanninmu ba. Yayyena maza suna hawan dokin kara ne saboda sun ga hawan sallah a ƙofar fada, mu mata muna dafa tuwon ƙasa a gwangwanin madara muna yi wa 'yar tsana biki har da jere saboda abin da muke gani a wurin iyayenmu ke nan, da azumi kuma yaro yakan manna gemun auduga ya zama tsoho a wasan tashe. Yaro yana ɗaukar abin da ya cika masa ido ne ya juya shi yadda yake so. Lev Vygotsky, masanin halayyar yara na ƙasar Rasha wanda ya rasu a 1934, da misalin sanda da doki ya yi bayaninsa: ranar da yaro ya hau sanda ya kira ta doki, ya fara iya raba ma'anar abu da shi kansa abin, kuma a irin wannan wasa yake koyon bin ƙa'ida da danne son ransa, domin wanda aka ba matsayin dogari dole ya tsaya ƙyam ko da ransa yana son gudu.

Inda na ga ɓarna ta gaske wani wuri ne daban. Wasan ƙirƙira yana tsirowa ne a lokacin da yaro ya rasa abin yi, ya gaji da zama, ya tashi yana laluben kwana-kwanar gida. Motar langa-langa takan ci kwana biyu ko uku: a nemo gwangwani, a buɗe shi, a yanka tsohon silifa a yi tayoyi, ta karkace a sake gyarawa. Waya kuwa tana cike wannan giɓin tun kafin ya buɗe. A 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, na riƙa miƙa wa ɗana na uku wayata don in samu in yi aikin gida, yana da shekara shida a lokacin. Bayan 'yan watanni sai na gan shi zaune kan tulin yashin da yayyensa suka taɓa mayarwa gari guda mai kasuwa da tasha, yana ce mini, "Umma, ban san abin da zan yi ba." Wannan maganar ta dame ni fiye da duk wani harbi da na taɓa gani ya kwaikwaya. A aji ma ina lura da haka idan na raba yumɓu: wasu yaran sukan nutse har a kaɗa ƙararrawa, wasu kuma bayan minti biyu sun ɗago kai suna jiran a gaya musu mataki na gaba, kamar yadda gem ya saba gaya musu.

Sannan ba duka wasannin bidiyo ne ɗaya ba, kuma ina roƙonki ki zauna kusa da shi ki kalli abin da yake bugawa. Minecraft, wanda aka ƙirƙira a Suwidin ya fito a 2011, tubala yake ba yaro ya bar shi ya gina abin da ya ga dama. Da ɗana ya fara buga shi, sai na tarar yana cusa laka a kwalin ashana yana fitar da ƙananan tubala yana shanyawa, don ya gina a ƙasa irin gidan da ya gina a waya. Akwai kuma tarin wasannin da ake saukewa kyauta, waɗanda masu su ke samun kuɗi daga talla da sayayyar cikin wasa, saboda haka an tsara su ne su riƙe mai bugawa, su ba shi kyauta idan ya dawo kullum, su katse shi daidai inda zai so ya sake. Irin su Free Fire da PUBG kuwa, inda ake harbi ana hira da baƙin mutane ta intanet, ban yarda a bar ɗan shekara bakwai a cikinsu ba. Kowane gem a Play Store yana ɗauke da alamar shekarun da ya dace da su, ki riƙa dubawa kafin ya sauke.

Kada ki yi saurin cewa ya kamu da cuta. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa masu nauyi: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci abin ya ɗauki aƙalla wata goma sha biyu. Alamomin da nake gaya wa iyayen ɗalibaina su sa wa ido su ne ƙin barci, barin abinci, yin ƙarya a kan waya, ko ɗaukar kuɗi a ɓoye don zuwa gidan gem.

Ni ban ƙwace wayar gaba ɗaya ba, domin na san zai je ya same ta a hannun abokai inda idona ba ya kaiwa. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi, sai na ɗauki wani abu mai kama da haka: ranakun makaranta babu gem, ƙarshen mako kuma minti arba'in bayan Islamiyya, na sa manhajar Family Link ta rufe wayar da kanta don kada kullum ya zama ni da shi muke ja-in-ja. Na ajiye masa kwali cike da gwangwanaye, murafe, igiya, tsofaffin silifa da guntayen kara. Abin da ya fi aiki shi ne abokin wasa, domin gidajenmu na yanzu masu get sun raba yara da dandali, kuma wasan kasuwa ko na sarki da fadawa ba ya yiwuwa ga yaro shi kaɗai; sai na yi magana da maƙwabtana biyu muka riƙa haɗa yaranmu da la'asar a gida ɗaya. Mako biyun farko kuka ne da ƙorafi, kuma na daure ban ba shi abin yi ba duk lokacin da ya ce ya gaji da zama. Ni ma sai da na rage riƙe wayata a gabansa.

Game da harbe-harben tsakar gida, ƙa'ida ɗaya na kafa, wato ba a dukan kowa kuma ba a tilasta wa ƙarami ya shiga. Ki ba shi wata guda a kan wannan tsarin, ki riƙa saurarensa daga nesa, ki lura ko maimaita gem ɗin kawai yake yi ko ya fara ƙara nasa, kamar asibitin da za a kai wanda aka harba ko motar gwangwanin da za ta ɗauke shi. Allah Ya raya mana su, Ya shirya su.