Amsa ga ɗan'uwan da zai dawo Agege bayan shekara 14

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai gari ya waye in amsa maka a tsanake. Ka ce a Agege aka haife ka, rabonka da Legas tun 2011, yanzu za ka zo da maiɗakinka da yara uku da ba su taɓa taka Ikko ba, kwana 12 ne hutunka, kana neman shawarar abin da za ka yi da inda za ka kai su. 'Yan'uwa sun lissafo maka bakin teku da manyan kantunan Lekki da Ikeja, kuma ba su yi laifi ba. Ni dai ta wani gefe zan ɓullo maka, domin na yi irin wannan tafiya, kuma akwai abin da har yau yake ci mini rai game da ita.

Ni ma ɗan Zangon Agege ne. Karatu ya kai ni Sudan, daga nan aiki ya riƙe ni a Jidda, sai da na shekara tara ban ga gida ba. A 2021 na zo hutun mako biyu, aljihuna cike da lissafi: sayayya a Balogun, maganar wani fili, abokan makaranta, bikin ɗan wana. A layinmu akwai wata tsohuwa Bayarabiya da muke ce wa Iya. Ita ke goya ni duk safiya idan Innata ta fita tuyar waina a bakin titi, a hannunta na koyi cin amala, a bakinta na ji Yarabanci. Daren da na sauka aka ce mini Iya tana ta cigiyata, kuma jikinta ya yi nauyi. Na ce gobe in sha Allahu. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. A kwana na shida, muna fitowa daga sallar asuba, aka yi sanarwar rasuwarta. Tsakanin ƙofarmu da tata bai kai tafiyar minti biyar ba. Atamfar da na sayo mata tana cikin akwati, ko ledarta ban cire ba, sai 'yarta na miƙa wa a wurin zaman makoki, na kasa haɗa ido da ita.

Shi ya sa nake roƙonka, kwana ukun farko ka ba mutane su kaɗai. Teku tana nan, kasuwa tana nan, amma tsoho ba ka da tabbas a kansa.

Daren da ka isa, bayan an ci abinci an watse, ka zauna da babba ɗaya a gidanku, goggo ko kawu, wanda bai taɓa barin unguwa ba. Ka ɗauki takarda da biro ka ce ya faɗa maka wa ya rasu a bayanka, wa ke kwance, wa ya aurar, wa aka yi wa haihuwa. Za ka sha mamakin tsawon jerin. Mutanenmu ba sa ɗaukar gaisuwar waya a matsayin ta'aziyya cikakkiya, ko ka kira sau goma, sai ka tako ka zauna a tabarma an shafa fatiha. Zumunci a ƙafa yake, kuma a Zango ana riƙe da wannan har gobe. Gidan da ka tsallake sun sani, ko ba su faɗa maka ba.

Washegari da sassafe, kafin rana ta ɗaga, ka nufi makabarta. Kada ka tafi kai kaɗai da tunanin za ka gane kabarin mahaifinka ko kakarka. Shekara 14 ba kwana 14 ba ce, wurin ya cika, alamun da ka sani sun ɓace. Ka tafi da wanda ya halarci binnewar, ka kuma nemi dattawan da ke kula da wurin, su suka fi kowa sanin ƙasar nan. Ka yi musu alheri mai kauri, domin aikin da suke yi ba kowa ke iya shi ba. In babban ɗanka ya yi wayo ka riƙe hannunsa ku shiga tare, ka koya masa sallamar da ake yi wa mutanen kabari.

Daga nan sai masu rai. Ka fara da marasa lafiya da waɗanda suka fi tsufa, ba da waɗanda suka fi kusa da kai ba. Malaminka na allo in yana raye, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka nuna masa 'ya'yanka ya sa musu albarka. Maƙwabta Yarabawa da kuka tashi tare kada ka bar su a baya, ka gaishe su da harshensu ko ya yi tsatsa a bakinka, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Ka leƙa fadar Sarkin Hausawa da ɗan goronka, ka faɗi ɗan wane ne kai. A nan za ka iya cin karo da wanda ya yi fatauci da kakanka.

Wani abu da na yi daga baya, wanda nake jin daɗinsa ƙwarai: na kunna rikoda a wayata na ajiye gaban goggona, na ce ta ba ni labarin yadda muka zo Kurmi. Ta yi kusan awa biyu tana magana. A ranar na san cewa kakanmu daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya taso, ya biyo fataken shanu, ya zauna a Agege saboda goro. Haka tarihin yawancinmu yake. Gonakin goro da ke kewayen garin da tashar jirgin ƙasa su suka tara Hausawa a nan, tun bayan da layin dogo daga Ikko ya isa Kano wajen 1912, ana ɗaure huhun goro ana lodawa zuwa Arewa, shanu kuma suna gangarowa. Ka kai yaranka wurin masu goro su ga yadda ake wanke shi, a zaɓe, a jera cikin ganye, su ga fari da ja, su ɗanɗana ɗacinsa. Wannan zai zauna musu a rai fiye da duk wani wurin wasa, domin irin wuraren wasan nan suna da waɗanda suka fi su a can inda kuke.

Maganar tsaraba kuwa, kada ka wahalar da kanka da manyan kaya. Turare, hula, ɗan yadi ga dattawa, alewa ga yara. Abin da ya fi amfani yanzu kuɗi ne, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada sosai, abin da ka sani ana saye da ɗari biyu ka manta da shi. Ka sa a ambulan, ka damƙa wa mace ɗaya mai amana a gidanku, ita ta san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba amma ba za su taɓa buɗe baki su roƙa ba. Samari za su kewaye ka da maganar hanyar fita waje. Ka saurare su da mutunci, ka gaya musu gaskiyar wahalar da ke can, amma kada ka ɗauki alkawarin da ba za ka iya cikawa ba don kunya. Alkawarin biza da ba a cika ba ya raba zumunci da yawa a unguwar nan.

Sannan ka shirya zuciyarka, garin da ka bari ba shi za ka tarar ba. Pen Cinema da ka sani da cunkoson nan na mararrabar jirgi, yanzu gadar sama ce ta bi ta kai, an buɗe ta a 2021. A shekarar ne kuma sabon jirgin Ibadan ya fara aiki, yana da tasha a Agege. Akwai jirgin cikin gari da ake kira Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Akwai ɗan'uwansa Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023. Da katin Cowry ake shiga su, da shi kuma ake hawa manyan bas-bas na BRT, don haka ka sa a yanko maka tun da wuri, ka kuma tambayi lokutan tashin jirgin kafin ka fito da iyali. Acaba an hana ta a Ikeja da Surulere da Apapa da cikin tsibirin Legas tun 2022, daga baya aka ƙara da Mushin da Oshodi, kuma ana kama direba har da fasinja. Kada wani ya ce maka ka hau ba komai.

Gosulo dai yana nan yadda ka bar shi. Kada ka haɗa tsibiri da Agege da Mile 12 a rana ɗaya, wuri ɗaya ya ishi yini. Ka fita bayan asuba, ka juyo kafin la'asar. A cikin cunkoso a ɗaga gilashi, waya ta koma aljihu. Motar da ba ta tasha ba, wadda ta tsaya maka a hanya da mutum uku a ciki, kada ka shiga, 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi ba su daina ba.

Rana ɗaya ko biyu ka ware wa yara su ga Ikko ta tarihi. Ni Juma'a nake zaɓa. A fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashi suna nan a jikinta. Na ga ɗana ya yi shiru a gabanta ya daɗe, daga baya ya ce, "Baba, shi ne mai filin jirgin da muka sauka?" Dandalin Tafawa Balewa yana kusa, nan ne filin sukuwa na da, inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960. Ku yi Juma'a a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, ku leƙa masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Da yamma ku bi ta Obalende ku ci tsire, ka gaya musu cewa zaman Hausawa a wannan yanki ya samo asali ne daga sojojin Hausa da Turawa suka fara ɗauka tun zamanin Gwamna Glover, su san ba jiya muka zo garin nan ba. Bar Beach da muke zuwa yawon sallah kuwa babu ita, an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic. Bakin tekun da aka fi zuwa yanzu yana can wajen Lekki, kuma sai an biya ake shiga.

Abinci ba sai na faɗa maka ba, ƙafarka da kanta za ta kai ka wurin burodin Agege mai zafi da wake da manja, da teburin mai shayi bayan isha'i. Amma cikin yaranka bai saba ba. Ruwan roba kawai za su sha, a bi su a hankali da yaji, kuma ka ga likita tun kafin ku taso ya ba su maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro. Wannan kada ka yi wasa da shi ko kaɗan.

Abu na ƙarshe mai ɗan nauyi. Wataƙila ka tarar an sayar da gidan da aka haife ka an yi bene, filin ƙwallonku ya zama shaguna, yaran layi su bi ka da kallo suna tambayar baƙon wa. Zai yi maka zafi, ni ma ya yi mini. Ka daure, kuma ka kame bakinka daga cewa a can ba haka ake yi ba, ko an ɗauke wuta ko kwata ta cika. Waɗanda ka tarar su suka yi jinyar iyayenmu, suka binne su, suka riƙe unguwar muna nesa.

Kwana biyun ƙarshe kada ka sa komai a cikinsu, na sallama ne, kuma ka sake komawa wurin tsofaffin nan ko da minti goma-goma ne. Ni yanzu na dawo gida gaba ɗaya, ina nan wajen Oko-Oba. In kun sa rana ka sanar da ni, ka faɗa mini layinku da sunan gidanku, zan riga ka zuwa in tambayo maka dattawan da suka rage, kuma in ba ka sami mai raka ka makabarta ba ni zan raka ka. Allah ya kawo ku lafiya, ya jiƙan Iya da iyayenmu baki ɗaya.