Shiga kwamfutar ofis daga gida ta sabar blade

Malam, ka tambaya ko kamfani mai ma'aikata hamsin zai iya tara kwamfutocinsu a kan sabar blade, wato siraran kwamfutoci masu yi wa wasu hidima (saba), masu kama da faranti, da ake jerawa cikin akwati ɗaya, kowa ya riƙa shiga tasa daga gida. Zai yiwu ƙwarai. Akwatin HPE c7000, alal misali, yana ɗaukar faranti har 16, kowanne saba ce mai zaman kanta, sai dai wutar lantarki da fankoki da hanyar sadarwa na tarayya ne. A kan farantan ake ɗora manhaja irin Citrix, wadda ke ware wa kowane ma'aikaci kwamfutarsa ta Windows. Hoton allo kawai ke isa gidansa, fayilolin kuwa ba sa barin ofis.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne buɗe ƙofar RDP (hanyar Windows ta shiga kwamfuta daga nesa), mai lamba 3389, kai tsaye ga intanet don neman sauƙi. Kada ka kuskura. Ta wannan ƙofar ake cin gajiyar raunin tsaron Windows mai suna BlueKeep da aka bayyana a 2019, kuma masu kutse dare da rana suke gwada kalmomin sirri a kanta. A sa ma'aikata su fara shiga ta VPN, wato hanyar shiga sadarwar ofis mai kariya, tare da lambar tabbatarwa da ke zuwa wayarsu.

Tunda kowa ya dogara da akwati ɗaya, in wuta ta ɗauke ko ya yi zafi, aiki ya tsaya cik, don haka UPS (batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke) da na'urar sanyaya ɗaki su shiga lissafinka tun farko.