Tambaya da Amsa: Yadda Waya da Kwamfuta Ke Fitar da Lissafin Kwadiratik Daga Alƙaluma

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum yana da alƙaluma a hannu, yana so waya ko kwamfuta ta fitar masa da lissafin da ya dace da su. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya. An ba mu aikin gida, mu nemo alƙaluman gaske mu nuna cewa lissafin kwadiratik ya dace da su. Ba ni da kwamfuta, wayar Android kawai gare ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Wayarka ta ishe ka. Amma kafin ka taɓa ta, ka tuna abin da ake nema: y = ax² + bx + c. Zanen wannan lissafi layi ne mai lanƙwasa sau ɗaya tak, shi ake kira farabola. Idan a tana ƙasa da sifili zai fito kamar ƙwarya a kife, idan tana sama da sifili ƙwaryar a buɗe take. Aikin manhaja shi ne ta nemo maka a da b da c, ba wani abu ba.

Ga alƙaluman da za ka iya amfani da su. Kundin dokokin tuƙi na Birtaniya ya ba da tazarar da mota kan ci kafin ta tsaya cak, tun daga lokacin da direba ya hango haɗari. A gudun kilomita 32 a awa, mita 12 ce. A 48, mita 23. A 64, mita 36. A 80, mita 53. A 96, mita 73. A 112, mita 96.

Fara da biro da takarda. Cire kowace tazara daga wadda ke bin ta, za ka samu 11, 13, 17, 20, 23. Da a ce miƙaƙƙen layi ne, da waɗannan duk sun zo daidai da juna. Ba su zo ba. To sake cirewa a tsakaninsu: 2, 4, 3, 3. Ka ga sun taru kusa da 3. In bambanci na biyu ya tsaya kusan wuri guda haka, alama ce mai ƙarfi cewa kwadiratik ne. Sharaɗin wannan gwaji shi ne tazarar x ta zama iri ɗaya, kamar yadda gudun ke ƙaruwa da 16 a kowane mataki a nan.

Abin da zai sa malaminku ya ba ka maki mai kyau shi ne ka faɗi dalilin lanƙwasar. Tazarar kashi biyu ce. Akwai tafiyar da mota ke yi kafin ƙafar direba ta kai kan birki, wannan tana ƙaruwa daidai da gudu, ita ce bx. Akwai kuma tafiyar da take yi bayan an taka birki, ita kuwa tana bin gudu sau gudu, domin ƙarfin motsin mota haka yake ƙaruwa, ita ce ax². Kundin ya nuna birki kaɗai yana cin mita 14 a gudun 48, amma mita 55 a gudun 96. An ninka gudu sau biyu, tazara ta ninku kusan sau huɗu. Kuma fa wannan a busasshen titi ne, da mota mai lafiyayyen birki da tayoyi masu kyau. Direban da ke tafe da suɗaɗɗiyar taya a damina kada ya ɗauka da shi ake.

Yanzu sai waya. Sauke manhajar Desmos, kyauta ce. Taɓa alamar +, zaɓi table, zuba gudu a ƙarƙashin x₁, tazara a ƙarƙashin y₁. A sabon layi rubuta y₁ ~ ax₁² + bx₁ + c. Lura da wannan alama ~, ita ce ke gaya wa manhajar ta nemo lambobin da kanta, in ka sa = a madadinta ba za ta nemo ba. Za ta ba ka a wajen 0.0061, b wajen 0.164, c wajen 0.6. Yadda take yi kuwa tsohuwar dabara ce da Bafaranshe Legendre ya wallafa tun 1805: a auna ratar kowane ɗigo daga layin, a ninka kowace rata da kanta, a tara, sannan a zaɓi layin da jimlarsa ta fi ƙanƙanta. In GeoGebra ka fi sabawa da ita, umarnin FitPoly da lamba 2 a ƙarshensa yana yin wannan aikin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da zoɓo a Kano. Da nake sayar da gora ₦100 ina sayar da 120 a rana, a ₦150 na sayar da 100, a ₦250 kuma 60. Ɗana ya sa cinikin a kwamfuta, ta ce ₦200 ne ya fi, kuma wai R² ya kai 1, wato babu kuskure ko kaɗan. In koma ₦200?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron ya yi lissafinsa daidai, sai dai ba tambayar da ta dace ya yi wa kwamfutar ba.

Cinikinki na rana ₦12,000 ne a farashin farko, ₦15,000 a na biyu, ₦15,000 a na uku. In x farashin gora ne, y kuma cinikin rana, lissafin da ya ratsa ta kan waɗannan shi ne y = −0.4x² + 160x. Ƙololuwar kowace farabola tana inda x = −b/2a, a nan 160 raba 0.8, wato 200. A wannan farashi lissafin yana cewa za ki sayar da gora 80, ciniki ₦16,000. Daga nan ya samo amsarsa.

Amma ciniki daban, riba daban. Ba ki faɗi kuɗin da kike kashewa ba, don haka mu ƙaddara kowace gora tana cin ₦80 tsakanin zoɓo da sukari da citta da gorar kanta da ƙanƙara. A ₦200 ribar gora ₦120 ce, sau 80, ₦9,600. A ₦240 lissafin yana nuna gora 64, ribar kowace ₦160, jimla ₦10,240. Kin yi aiki kaɗan, kin samu ƙari. Lissafin riba shi ne −0.4x² + 192x − 12,800, ƙololuwarsa kuma 240 ce. Ki ce masa ya sa ainihin kuɗin da kike kashewa ya sake bugawa da ribar a matsayin y.

Batun R² kuwa, wato ma'aunin yadda layin ya dace da ɗigon alƙaluma, kada ya ruɗe ku. Lissafin kwadiratik lambobi uku yake nema, ke kuma ɗigo uku kika ba shi. Ko waɗanne ɗigo uku ne, muddin x ɗinsu ya bambanta, za a samu lissafin da zai ratsa ta kansu daidai wa daida, R² ya fito 1. Ko lambobin bogi aka zuba haka zai fito. Ba shaida ba ce. Ana fara ɗaukar R² da muhimmanci ne idan ɗigo sun kai shida ko takwas, kuma an tattara su cikin yanayi iri ɗaya. Zoɓon watan Afrilu da na lokacin hunturu ba kasuwa ɗaya ba ce, balle na azumi. In ₦100 ɗin nan tun bara ne kafin kaya su tashi, to ma ba za a haɗa shi da na bana ba. Shawarata, ki gwada ₦200 mako guda, ₦230 mako guda, kina rubuta cinikin kowace rana, sannan a sake lissafi.

Tambaya: Ina rubuta furojet na ƙarshe kan farashin buhun masara a kasuwar Dawanau daga 2018 zuwa 2024. Excel ya zana mini layi mai kyau ya rubuta lissafin a kan zanen, amma da na saka 2025 a cikin lissafin da kalkuleta sai ya ba ni wata lamba ta hauka. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Wannan matsala tana kama ɗalibai da yawa, kuma ta hanya biyu take zuwa.

Ta farko, irin zanen da ka zaɓa. In zanen Line ka yi amfani da shi, Excel ba ya kallon shekarunka a matsayin lambobi, yana ƙirga su ne 1, 2, 3 har zuwa 7. Lissafin da ya rubuta na waɗannan ne, kai kuma ka zo ka cusa masa 2025 inda yake jiran 8. Zanen Scatter shi ne na wannan aiki. Bayan ka zana, danna ɗigo ɗaya da maɓallin dama, zaɓi Add Trendline, sai Polynomial, Order ya zama 2.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ko da Scatter ne, Excel yana taƙaita lambobin da yake nunawa a kan zane. In x ɗinka 2025 ne, x² ya haura miliyan huɗu, don haka kuskuren 0.01 a cikin a yana zama kuskuren fiye da ₦40,000 a amsa. Maganinsa mai sauƙi ne: mayar da 2018 ta zama 0, 2019 ta zama 1, haka har 2024 ta zama 6. Lambobin za su ƙanƙance, c kuma ta samu ma'ana, ta zama kimanin farashin shekarar farko. In kana son cikakkun lambobi, sa x a rukunin A, x² a rukunin B, farashi a rukunin C, ka rubuta =LINEST(C2:C8,A2:B8). Amsar tana fitowa ne da a a farko, sai b, sai c. Wannan umarni yana aiki a Google Sheets ma, har a waya.

Wannan gyaran na'ura ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne zaɓin kwadiratik ɗin kansa. A batun birki akwai dalilin da ya sa x² ta shigo. A gwajin taki ma akwai: amfanin gona yana ƙaruwa da taki, ƙaruwar tana raguwa, har a kai inda ƙari ba ya amfani, shi ya sa masu binciken noma suka daɗe suna amfani da wannan lissafi. To mene ne dalilin x² a farashin masara? Farashi yana bin damina, da kuɗin taki da sufuri, da darajar naira, da tsaro a yankunan noma. Cire tallafin fetur da sakin naira a 2023 sun faɗo cikin shekarunka, kuma babu farabolar da ta san da zuwansu. Layin zai kwanta a kan ɗigo bakwai ɗinka da kyau, wannan ba wuya. Da zarar ya wuce 2024 kuwa, hanya ɗaya ya sani: in ƙwaryar a buɗe take, sama zai yi ta yi har abada. In kuma alƙaluman wata-wata ka tara, abin ya fi muni, domin masara takan sauka da kaka ta hau kafin sabuwa ta shigo, kowace shekara, farabola kuwa sau ɗaya take juyawa. Ka yi amfani da shi wajen bayyana abin da ya faru tsakanin 2018 da 2024, ka rubuta ƙarara cewa iyakarsa ke nan. Hasashen 2030 da shi, ni dai ba zan sa hannu a kai ba.

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a sakandare, ba mu da kayan gwaji. Akwai yadda zan nuna wa ɗalibai wannan lissafi a zahiri da waya?

Amsa: Akwai, malama, kuma a ganina babu gwajin da ya fi shi daɗi. Jingina wayar a wuri guda kada ta motsa, a tsayar da sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin bango don awo, yaro ya jefa ƙwallo sama kusa da sandar, ki ɗauki bidiyo. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, saboda haka kowane hoto uku kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. Ku bi bidiyon hoto-hoto kuna rubuta lokaci da tsayin ƙwallon, ku zuba a Desmos. In akwai kwamfuta, manhajar Tracker kyauta ce kuma don wannan aka yi ta.

Daɗin abin shi ne kun san amsar da ya kamata ta fito. Jan ƙasa yana ƙara wa abu gudun mita 9.8 a kowace daƙiƙa, lambar a ta lissafin kuma rabin wannan ce, don haka ku sa ran ganin lamba kusa da −4.9. In kun samu −4.6 ko −5.2, kun yi ƙoƙari. In kun samu −2, ku duba ko an ɗauki bidiyon a yanayin tafiyar hawainiya, ko sandar ta yi nisa da inda ƙwallon yake. Ku yi amfani da abu mai ɗan nauyi, balan-balan ko dunƙulen takarda iska za ta ɓata musu lissafi. Galileo ya wallafa cewa abin da aka jefa farabola yake bi a 1638, ba tare da kyamara ba.

Tambaya: Casio fx-991ES PLUS ɗina yana ba ni amsa daban da ta Desmos a kan alƙaluma iri ɗaya. Wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun. Casio yana jera nasa ne y = A + Bx + Cx², wato A ɗinsa ita ce c ɗin da ka sani, C ɗinsa kuma ita ce a. Danna MODE, sai 3, sai 3 kuma, zuba alƙalumanka, danna AC, sannan SHIFT da 1, ka shiga Reg. Musanya A da C kafin ka kwafa a takarda, musamman in za ka nemi −b/2a, domin C ce za ta shiga ƙasan rabawar.